Tsohon tunanin Sinawa kan jikin dan Adam, daga maganin zazzabi har fatar jakunanmu

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, Allah Ya kara basira. Dan Allah ka sammin fili a wannan jarida tamu mai farin jini, maganar tawa tana da dan tsawo amma ina rokon kar a datse ta da yawa.

Kusan duk labarin kasar Sin da muke karantawa da Hausa bai wuce bashi ba, ko layin dogo, ko waya da sola, ko rigimarsu da Amurka. Ni kuma da nake dan lekawa birnin Gwanzu na kasar Sin sarin kaya, abin da ya fi tsaya min a rai shine yadda mutanen nan suke daukar jikinsu, me suke ci, me suke gudu, yaya suke so a binne su, kuma da na bi diddigi sai na ga abin yana da tushe tun sama da shekara 2000, sannan wlh yana taba mu nan gida ta hanyar da yawancinmu bamu lura ba. Abin da nake so in fada shine tsohuwar koyarwarsu kan jiki tana nan da ranta, sai dai kasuwa ta shiga cikinta ta zabi abin da zai sayu tana ta turawa duniya, wanda ba zai kawo kudi ba kuma an bar wa tsofaffi.

Manyan koyarwa biyu ne suka gina tunanin mutanen can. Ta farko ta Konfushiyas ce, malamin da aka haifa a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a garin Qufu dake lardin Shandong na yanzu. A wani karamin littafi na mabiyansa kan biyayyar iyaye, wanda a da yara ke haddacewa tun suna kanana, an ce jikinka da gashinka da fatarka duk daga iyayenka ka karbo su, kar ka kuskura ka lahanta su, nan biyayya take farawa. Akwai almajirinsa Zengzi da aka ruwaito cewa yana gargarar mutuwa ya kira dalibansa yace ku bude kafafuna ku duba, ku bude hannuwana ku duba, wato dai su shaida ya rike jikin da aka bashi ya kai shi karshe ba tare da ya rasa ko yatsa ba. A wajensu jikinka na gidanku ne, iyaye sun baka, kai kuma zaka mika wa 'ya'ya, ka koma wajen kakanni yadda ka zo.

Kar wani ya dauka magana ce ta fatar baki. A 1644 kabilar Manchu suka kama Beijing, a 1645 suka bada umarni duk namiji ya aske gaban kansa ya yi kitso daya a keya irin nasu, maganar da ta yadu a lokacin itace ko ka bar gashi ka rasa kai ko ka bar kai ka rasa gashi. Mutanen garin Jiangyin sun rufe kofa sun yi kwana 81 suna yaki akan wannan askin kafin a ci garin a karkashe su. A Koriya ma da aka kafa dokar yanke tukkun maza a karshen 1895, sarki Gojong da kansa aka fara yi wa, sai da kasar ta dauki wuta, malamai suna cewa gara a sare musu wuya da a taba musu gashi. Wanda bai san wancan layi na littafin biyayya ba zai ce haukar me ake akan gashi.

Toh yau fa? Kowa na aski a Sin, wannan ya wuce. Amma je ka batun gawa ka gani. Gwamnatin kwaminis tun 1956 take son a rika kona gawa saboda a cewarta kaburbura suna cinye gonaki katako kuma yana karewa a akwatin gawa, shugabansu Mao da manyan jam'iyya suka sa hannu a takarda cewa su ma a kona su. Firaminista Zhou Enlai an kona shi a 1976 an watsa tokar, Deng Xiaoping da ya jagoranci kasar bayan Mao ya mutu a 1997 ya bar wasiyya a cire tantanin idonsa a bai wa mabukata, tokarsa kuma aka zuba a teku, shi Mao din kuwa har yau gawarsa na ajiye cikin gilashi a dandalin Tiananmen. Talakan kauye dai bai taba sakin jiki da abin ba. A kauyuka da yawa tsoho yakan sayi akwatinsa tun yana da karfinsa ya ajiye a daki, yana shafa masa fenti, hankalinsa kwance cewa zai koma kasa cikakke. A 2014 a yankin Anqing na lardin Anhui da aka sa ranar 1 ga watan Yuni a matsayin ranar da za a daina binnewa, jaridu sun ruwaito wasu tsofaffi sun kashe kansu kafin ranar don a samu a binne su, hukumomi sun musanta cewa dokar ce sanadi. A 2018 a lardin Jiangxi an ga hotunan jami'ai suna shiga gidaje suna kwace akwatuna suna tarawa a fili katafila na farfasa su, tsofaffi na kuka wasu har suna shiga cikin akwatin su kwanta don kar a dauka. Ni da na ga wadannan hotuna raina ya baci sosai, mu da muke wa gawa wanka da likkafani mu kai ta makwanci da hannunmu mun san abin da ake taba wa mutum idan aka ce za a kona uwarsa.

Irin wannan tunanin ne ya shiga batun dashen koda da hanta. Iyali da yawa basa yarda a yanka mamacinsu a cire wani abu, dan da ya sa hannu a cire kodar babansa sai dangi su ce ya ci amanar uban. Shekaru kadan baya jami'an lafiyar kasar da bakinsu suke cewa mutum wajen dubu 300 ne ke bukatar dashe duk shekara, masu samu kuwa basu wuce dubu 10 ba. Ina aka rika samo gabobin? Daga fursunonin da aka yanke wa hukuncin kisa, akwai ka'idar 1984 da ta bada wannan dama, kuma mataimakin ministan lafiya Huang Jiefu ya amsa haka a 2005. A 2010 aka fara gwajin tsarin bayarwa da son rai, aka kuma sanar cewa daga 1 ga Janairun 2015 an daina taba fursunoni, duk da har gobe masu kare hakkin dan Adam da wasu kwararrun Majalisar Dinkin Duniya suna nuna shakku. Abin lura a nan, koyarwar da ta ce a girmama jiki ta kare jikin mai dangi da gata, nauyin sai ya koma kan wanda ba mai tsaya masa. Wasu malaman Konfushiyas na zamani suna cewa ai babbar koyarwarsa itace tausayin dan Adam, don haka ceton ran wani da kodar mamaci bai saba mata ba, kuma matasa da yawa yanzu suna rajistar bayarwa ta waya, amma a asibiti maganar iyaye da dangi ce ke yanke hukunci.

Kuma gaskiya in za a fada a fadi duka. Al'ummar da take haddace kar a lahanta jiki itace ta shafe kusan shekara 1000 tana daure kafar 'yan mata tun suna shekara biyar ko shida, a lankwasa yatsu a karya su don kafar ta zama 'yar mitsitsiya ta samu miji, sai a 1912 sabuwar gwamnati ta haramta, kuma bai mutu a kauyuka ba sai bayan 1949. Jikin mace ba a taba auna shi da mudu daya da na namiji ba. Yau a Koriya ta Kudu, kasar da ake cewa ta fi kowa rike al'adun Konfushiyas, unguwar Gangnam a birnin Seoul cike take da asibitocin gyaran fuska, a yanka fatar ido a kara mata ninki, a kankare kashin muka-muki, wani lokacin ma iyaye ne ke biya wa 'yarsu a matsayin kyautar gama sakandare saboda sun san kyan fuska na taimakawa wajen samun aiki da aure. A kasar dai yanzu sama da kashi 90 cikin 100 na mamata kona su ake. Kaga inda kudi da neman aiki suka matsa, tsohuwar dokar ta ja baya da sauri. A Sin kuma a karshen 2021 hukumar wasanni ta hana 'yan kwallon kasa yin sabon zanen tatu a jiki, wato hukuma tana dauko tsohuwar tarbiyya a inda ta ga zata mata amfani.

Koyarwa ta biyu itace ta Tao, wadda ake dangantawa da Laozi da kuma Zhuangzi da ya rayu a karni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Su basu damu da zuri'a da mukami kamar mutanen Konfushiyas ba, a ganinsu jiki wani yanki ne na halitta kamar kogi da bishiya, akwai wani karfi ko numfashi da suke kira chi dake zagayawa a cikinsa, idan ya toshe ko aka barnatar da shi sai ciwo ya shigo. Don haka kar ka cika ciki, kar ka kure karfinka, ka kwanta da wuri lokacin sanyi, ka rage fushi da kwadayi. Laozi yace yawan launuka na makantar da ido, yawan dandano na kashe harshe. Tsohon littafin likitancinsu da ake jingina wa wani sarkinsu na zamanin da mai suna Sarki Rawaya yace mai jira sai ya kwanta ciwo sannan ya nemi magani kamar mai fara hakar rijiya ne bayan kishi ya kama shi. A 1973 da aka tona wani kabari a Mawangdui kusa da Changsha, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an samu kyallen siliki da zanen mutum 44 maza da mata suna mike hannu suna lankwasa kugu, motsa jiki ne na neman lafiya.

Wannan bangaren na gani da idona. Ka fita da asuba bayan sallah ka bi ta wani lambun shakatawa a Gwanzu, zaka tarar da tsofaffi birjik, wata kaka da ta haura saba'in ta tsaya ta dan durkusa, tana daga hannu a hankali kamar mai tura wani abu mai nauyi a cikin ruwa, ta juya tafin kafa ta sauke numfashi, ba gaggawa ba haki, gefe guda wani dattijo yana tafiya da baya yana tafa hannu, wani yana buga bayansa a jikin bishiya, kowa da filas dinsa na ruwan zafi a ajiye kan benci. Ba wanda ya biya ko sisi. A gidan abinci ma ruwan dumi za a fara kawo maka ko ana zafin da ya kai na Kano, in ka nemi mai kankara ma'aikaciyar sai ta dube ka da tausayi don a ganinsu sanyi yana kashe wutar ciki. Gwamnati ta saukaka wannan motsa jiki irin na kakar nan, da suke kira taichi, zuwa motsi 24 tun 1956 don kowa ya iya, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a Disambar 2020, lokacin korona kuma a asibitocin wucin gadi na Wuhan an rika koya wa marasa lafiya wani motsi mai kashi takwas da ake kira baduanjin. Ni dai na yi sha'awar abin kwarai, na tuna iyayenmu da hawan jini da ciwon suga suka zaunar, ga ciwon gwiwa, kuma ba wani fili a unguwa da tsohuwa zata je ta mike kafa hankali kwance.

Malam Edita ina so a fahimce ni, ni Musulmi ne ba ina tallan akidar kowa ba ne, mu mun san jiki amanar Allah ce kuma Manzon Allah (SAW) ya fada cewa jikinka yana da hakki a kanka. Su kansu Musulmin Sin sun dade da zama da wadannan littattafai, malamai irin su Wang Daiyu da Liu Zhi na birnin Nanjing a karni na 17 da 18 sun rubuta bayanin Musulunci da harshen Sinanci suna amfani da kalmomin mutanen Konfushiyas don makwabtansu su gane, sun dauki abin da ya dace sun bar wanda bai dace ba.

Mabiya Tao din ma sun yi nasu kuskuren babba. Neman tsawon rai ya kai wasunsu ga dafa zaiba da dalma da wasu duwatsu wai maganin rashin mutuwa, kuma sarakuna da dama na daular Tang wannan hadin ne ya kashe su. A cikin irin wannan gwaje-gwajen ne ma suka ci karo da albarushi. Amma a cikin wadannan masu dafe-dafe akwai wani Ge Hong da ya rayu a karni na 4, ya rubuta dan littafin magungunan gaggawa wanda talaka zai iya rikewa a hannun riga, kuma layi daya a ciki yau yana cikin kowane kemis a Arewa. Yace mai zazzabin da ke zuwa yana dawowa ya samu dunkulen hannu daya na ganyen qinghao, wani ganye ne dangin tazargade, ya jika a ruwa ya matse ya shanye ruwan duka.

Ga yadda abin ya zo mana. Lokacin yakin Biyetnam zazzabin cizon sauro yana kashe sojoji, kulorokwin ya daina aiki, sai gwamnatin Sin ta kafa wani shirin sirri ranar 23 ga Mayun 1967. A 1969 aka dora wata mata mai suna Tu Youyou kan wata tawaga, ita da mutanenta suka tattara hadin gargajiya sama da 2000, suka yi ta gwadawa akan beraye. Ganyen nan wani lokaci ya yi aiki wani lokaci ya ki, har ta koma ta sake karanta Ge Hong ta lura cewa shi jikawa yace a yi a matse, bai ce a tafasa ba, ashe zafin wuta ne ke lalata sinadarin. Ta canza hanya ta tatso shi da wani sinadari mai tafasa a dan karamin zafi, samfuri na 191 a watan Oktoban 1971 ya kashe kwayar cutar gaba daya a jikin berayen. A 1972 ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu kafin a bai wa marasa lafiya. Wannan shine atimisinin, uwar magungunan maleriya da ake kira ACT irin su Coartem da ake rubuta wa yaranmu duk damina, ita kuma ta samu lambar Nobel a 2015. Najeriya kadai tana dauke da wajen kashi daya cikin hudu na masu kamuwa da maleriya a duniya, don haka duk gidan da yaro ya tashi daga zazzabi bayan kwana uku na shan kwayar nan yana da alaka da wancan tsohon malamin Tao ko bai taba jin sunansa ba.

Amma a duba da kyau me ya sa wannan ya yi nasara. Hadi sama da 2000 aka tara, aka tace aka tace, daya ne ya tsallake, shi ma sai da aka auna aka san adadin da za a sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ma bata goyon bayan a rika dafa ganyen ana sha kamar shayi a madadin kwayar, saboda abin da ke cikin ganyen bashi da tabbas, kuma shan kadan-kadan shi ke koya wa kwayar cutar jure magani. Na fadi haka ne saboda masu yawo da jaka a ofisoshi da gidajen biki da masu talla a Facebook da TikTok, wai maganin Chana ne na shekara dubu biyar, yana wanke jini yana wanke koda yana maganin suga da rashin haihuwa da basir duk a kwalba daya, wani har da 'yar na'ura da zaka rike a hannu ta fada maka duk ciwon da ke jikinka. Na san wata baiwar Allah a unguwarmu da ta ajiye maganin hawan jininta na asibiti ta koma wa irin wannan shayin na wata kusan uku, kudin da ta kashe ya ninka na asibitin, karshe sai da aka kwashe ta ranga-ranga. A Beljiyam a farkon shekarun 1990 mata wajen 100 ne kodarsu ta lalace a wani asibitin rage kiba saboda an sa musu wani ganyen Sin mai guba a cikin hadi bisa kuskure. Tsufan magani baya nufin an gwada shi.

A can gida Sin din ma kasuwar ce ke jan ragamar. Matasa a kamfanonin fasaha suna aikin da suke kira 996, daga tara na safe zuwa tara na dare kwana shida a sati, attajirin nan Jack Ma da ya kafa kamfanin Alibaba a 2019 har cewa ya yi alheri ne ga wanda ya samu, sai a watan Agustan 2021 kotun kolin kasar da ma'aikatar kwadago suka fito suka ce ya saba doka. Yaron da ya kwana gaban kwamfuta sai ya jefa wasu jajayen 'ya'yan itace busassu a filas yana kurba wai yana ciyar da rai, kamar yadda mabiya Tao ke kiran kula da jiki, ya sayi abin manna wa ido, ya sayi kwalbar karin jini, barcin da tsofaffin likitocinsu suka ce ya yi kuwa babu shi, don shi barci ba a sayar da shi kuma oga ba zai bari ba. A 2021 wasu matasan suka fara cewa su sun gaji zasu kwanta kawai su daina tseren, abin ya yadu a intanet har hukuma ta rika goge rubutun, ni kuma a ganina su ne suka fi kusa da abin da Zhuangzi ya koyar, mutumin da aka aiko masa da mukamin gwamnati yace a bar shi ya ci gaba da kamun kifinsa. Hatta zaman wata guda da mai haihuwa ke yi a daki ana bata abinci mai dumi, kamar dai jegon matanmu, yanzu ya zama otal-otal na musamman da masu hali ke biyan makudan kudi.

Sai babban abin da ya sa na dauki waya na rubuto, wato jakuna. Akwai wani hadi da suke kira ejiao, ana jika fatar jaki a kankare gashin a yi ta dafawa har ta narke ta zama danko, a busar a yanka kamar sabulu baki-baki mai sheki. Cibiyarsa gundumar Dong'e ce a Shandong, lardin da aka haifi Konfushiyas. A tsohon likitancinsu ana bai wa mai karancin jini ne da macen da ta yi bari ko ta zubar da jini, dan kadan, kuma da can sai gidan sarauta da masu hali. Na taba daukar kwalinsa a wani kanti, ja ne da rubutun zinare an nade shi kamar kayan lefe, ga na ci kamar alewa da gyada da ridi a ciki, ga na sha, ga na shafawa, mai kantin tana nuna fuskarta tana min alamar yana gyara fata yana hana tsufa. Da masu kudi suka yi yawa a kasar aka mayar da shi kyautar da ake kai wa iyaye da surukai lokacin sabuwar shekara, kaga an hada biyayyar Konfushiyas da ciyar da rai na Tao an zuba a kwali daya ana sayarwa.

Jakunan Sin da suka kai wajen miliyan 11 a farkon shekarun 1990 sun ragu zuwa kasa da miliyan 2, ita kuma jaka wata goma sha biyu take dauke da ciki ta haifi daya tal, ba kaza ba ce da za a cika keji da ita a wata biyu. Sai dillalai suka juyo Afirka. Kungiyar kare jakuna ta Donkey Sanctuary ta kiyasta ana yanka jaki akalla miliyan 5.9 duk shekara saboda wannan fata. A Nijar an fitar da jaki dubu 27 a 2015, a 2016 kafin shekara ta kare an fitar da dubu 80, kudin jaki ya ninka sau uku ko fi, gwamnati ta hana fitarwa a shekarar, Burkina Faso ma haka. Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ya san yadda ake loda su a tirela a nufi kudu da su, a can a yanka a ci naman fatar kuma ta bi jirgin ruwa. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka a Addis Ababa suka amince da haramta yanka jakuna don fata a duk nahiyar.

Wanda ke birni zai ce jaki ne fa kawai. Ka tambayi mai dauko ruwa daga rijiya mai nisan kilomita biyar, ko mai kai taki gona, ko mai dakon yashi da itace, ko matar da in babu jakin ita da 'yarta ne zasu dauki jarkar a ka, yarinyar kuma ta rasa makaranta ranar. Manomi ya sayar don ya ga kudin da bai taba gani ba, damina ta zo ya je saye ya tarar ya fi karfinsa, wani kuma ba sayarwa ya yi ba, da dare aka kwance masa. Ana gyara jinin wata a Shanghai da abin da zai sa wuyan wata a Jigawa ko Damagaram ya sage, kuma ban ga inda Konfushiyas da yace abin da baka so a maka kar ka yi wa wani zai yarda da wannan ba, balle Laozi da duk koyarwarsa akan sanin ya isa take.

Sanarwar Addis Ababa takarda ce, sai kowace kasa ta mayar da ita doka ta kuma sa ido. Ina rokon ku tura wakilinku Maigatari da sauran kasuwannin kan iyaka ranar da suke ci, ya tambayi kudin jaki yau da na shekara goma baya, ya kirga tirelolin da ke tashi, sannan ya je wajen kwastan da hukumar kula da shige da ficen dabbobi da 'yan majalisarmu na Jigawa da Katsina da Yobe da Sakkwato ya ji me suka yi tun daga watan Fabrairun 2024 zuwa yau. Haka NAFDAC a tambaye ta su wa ke duba kwalaben da ake yawo da su a jaka.

Na gode Malam Edita, Allah Ya bar zumunci.

Naku, mai karatu daga Kantin Kwari, Kano.